Filasta, Gumi da Ƙarar Shadda: Daga Laccar Masu Ɗaukar Sauti a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla, kada a ce malamin sauti ne ba a jin muryarsa.

Abu huɗu zan faɗa a kan filastar da muke ɓoye lafel da ita, wato ƴar makirufon nan da ake maƙala wa ɗan wasa a cikin riga. Na farko, kafin ka zuge jaka, tambayi kanka: a fata zan liƙa ko a tufa?

In fata ce, kemis za ka. Akwai Transpore ta kamfanin 3M, fara garai-garai mai ƴan huji-huji, da hannu kake yaga ta a tsaye ko a kwance, ba ruwanka da almakashi. Akwai ƙanwarta Micropore, kamar takarda take, ta fi tausayin fata, amma kowace filasta in ta jiƙe tana iya saki. Mu kuwa a nan jiƙewar ce ciwonmu. Watan Afrilu a garin nan zafi na haura digiri 40, ga fitila an dalle wa mutum, ga fanka an kashe don kada ƙararta ta shiga ɗauka. Na taɓa aiki a wani ƙauye bayan Jega. Jarumi na tsakiyar kuka, an ce matarsa ta rasu, darakta har ya fara share ƙwalla, ni kuwa a kunnena sai na ji shuuu, murya ta yi nisa, sai ƙugi. Ashe lafel ta sulale ta sauka cibiya. Cikin bawan Allah nake ɗauka, kuma wallahi bai karya ba! Ku yi dariya, ni ranar ban yi ba. Laifin nawa ne, ban goge wurin ba. A sami auduga da sifirit a goge tsakiyar ƙirji, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a bari ya bushe, sannan a liƙa a danna da tafin hannu. A bari ya bushe na ce, ko darakta na yi maka ihu. Da hunturu kuma gumi ya tafi, basilin ya karɓi aiki. Kowa ya lafta mai, kuma ba a yi filastar da ke kama mai ba tukuna. Goge dai, goge.

Kai mai jar hula, na ga baƙin salatif na leƙowa daga aljihunka. Na masu gyaran wuta ne, bar musu abinsu. Danƙonsa narkewa yake da zafi, ya ɓata waya, ya ɓata fata. Wajen cirewa kuma, ko Transpore ce, a ja ta kwance a hankali, ɗaya hannun na danne fatar. Ka fizge wa mai gashin ƙirji sau ɗaya, gobe ko gaisuwarka ba zai amsa ba.

Na nawa muke? Na biyu, tufa. Shadda mai sitati da ta sha bugu, a ido ado, a kunne kamar ana murza leda. Ƙarar iri biyu ce. In yadi ke gogar kan makirufo, ka naɗe jikinta da Moleskin, wani lallausan yadi mai danƙo da aka yi don masu bororon takalmi, ka bar kan ya leƙo kaɗan, kada ka toshe shi. Sai ka sa mai danƙo ciki da baya, irin Topstick ta masu liƙa gashin kanti, ka haɗe singileti da riga su riƙa motsi tare. Amma in babbar riga ce ke gogar kanta duk saɓa hannu, wannan kam, filasta ba ta maganinsa, sai dai ka roƙi mai kula da kayan sawa a canza yadi, ko ka dogara da makirufon sanda.

Na uku, wayar makirufo, a yi mata ɗan zobe ƙasa da kan a liƙe, don in an ja, zoben ya sha wahalar. Na huɗu...

Na'am, ƙanwata? Ɗaga murya. Tana tambaya, in jaruma ce fa, ga hijabi?

To, ni dai hannuna ba ya zuwa wurin. Ko ita ta liƙa da kanta bayan na nuna mata a rigata, ko mace ƴar'uwarta ta sa mata a ɗaki, ni ina waje da abin ji a kunne ina cewa a ɗan ɗaga, a ɗan sauke. Hijabi mai santsi kuwa ya fi shadda surutu, kuma in kin kai lafel ƙarƙashin haɓa murya dushewa take. Na fi son goshi, a bakin ɗankwali, waya ta bi ta ƙeya, yadda masu wasan daɓe ke ɓoye tasu a gashi. Duk lokeshan da na je, mace mai wannan aikin nake nema in rasa. Kin taɓa yaga Transpore? Taso, ga ta nan. Ke ta kusa da ita, ara mana ɗankwalinki.