Abin da yaro ke faɗa wa kaka: lacca a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. An ba ni minti ashirin, amma duk wanda ya miƙa wa tsohon hedimasta lasifika ya san abin da ya jawo wa kansa. (dariya)

Abu uku zan faɗa. Na farko, me ƙungiyar nan take yi? Tana neman dattawa, maza da mata, waɗanda suka ajiye aiki ko suka aurar da 'ya'ya, ta haɗa kowanne da yaro biyu ko uku: marayu, da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba. Ta ba dattijo kuɗin mota, da ɗan horo, da littafi da fensir. Iyakarta ke nan. A Amurka ma tun 1965 gwamnati ke da shirin kakannin riƙo, daga ɗan shekara 55 ake ɗauka, ana ba masu ƙaramin ƙarfi ɗan alawus. Su sai da suka zauna suka tsara. Mu a cikin gida muka tarar da namu.

Ku dubi gidan Bahaushe. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Uwa tana kunyarsa, shi ma yana kunyarta. Malami kuwa, ni na sani, da bulala muka yi aiki, Allah ya yafe mana. To, wa yaro zai faɗa wa damuwarsa? Kaka. Ita ce ke ce masa “mai gidana”, ta ce wa jikanya “kishiyata”. Kaka namiji ya ce wa yarinya “amarya, ina tuwona?” Ba kunya, ba bulala. Wasa ne, amma wannan wasan ƙofa ce. Ku riƙe wannan, ƙofa ce.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wani yaro, bai wuce shekara tara ba, aka kai wa wata Hajiya a unguwarmu. Mako uku daga “ina kwana” sai shiru, kai a ƙasa, yana tonon ƙasa da tsinke. Ni da na shekara talatin da biyar ina koyarwa na gwada, na kasa. Ran nan Hajiya tana tsince shinkafa a faifai, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, “Kai mai gida, kullum hannu rabbana? Ina kuɗin cefane? To na fasa auren.” Yaron ya ɗago ya ce, “Da ma wa zai auri mai haƙori huɗu?” (dariya) Wallahi ƙirga su ya yi! Ashe duk shirun nan kallonta yake. Bayan kwana biyu ya gaya mata ba ya barci in ya ji ƙarar babur da dare. Kun san dalili, ba sai na faɗa ba. Gwaggon da ke riƙonsa ba ta sani ba, duka take yi don yana fitsarin kwance. Hajiya ce ta je ta same ta, suka yi ta tsakanin mata. Wane malami ne zai ji wannan a aji mai yara tamanin? 

Na huɗu... na nawa muke? Na biyu? To, na biyu da na uku a haɗe, lokaci ya tafi. Kuɗin mota a biya kan kari, ɗan fansho ba shi da rarar da zai ranta wa ƙungiya. Kuma a zaure ko tsakar gida ake zama da yaro, da sanin mai riƙonsa. Furfura ba shaidar hali ba ce, a tambayi mai unguwa da liman kafin a ba mutum yaro.

(Wata dattijuwa: Malam, mu da ba mu yi boko ba fa?)

Inna, ai ke aka fi nema. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda baffanta Abdullahi ke kwance nan Gwandu, da ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata, su wa ta naɗa jaji, wato jagororin tafiyar? Dattawan mata. Ta ɗora musu malfa, ta koya musu waƙoƙinta su haddace, su koma ƙauyuka su koyar. Matan aure suna kulle, sai tsofaffi da 'yan mata ƙanana ke yin tafiyar tare. Ta rasu a 1864, har yau ana ambaton matan da ta naɗa jaji. Kin iya tatsuniya? Kin iya kitso? To karatun boko a bar wa irinmu, ke ki ji abin da ke cikin yarinya yayin da kanta ke kan cinyarki. Ga yaro can bakin ƙofa da rajista, ki faɗa masa suna da unguwa, shi zai rubuta. Malfa dai ba mu da ita tukuna, shugaba, ka ji. An kira la'asar ko?