Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa masu ɗaukar hoto suka yi ca a kan Canon EOS R1?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako masu ɗaukar hoto ne suka cika mana jaka da su, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke magana: babbar kyamarar kamfanin Canon da ake kira EOS R1, da kuma inda kamfanonin kyamara suka dosa. Da yake ni ma na yi shekaru rataye da kyamara a wuya kafin in zauna gaban makirfo, yau ba sai mun gayyato baƙo ba.

Wasiƙar farko daga wani mai situdiyo ce a Kano. Ya ce: "Na ga ana ta cece-kuce a intanet wai Canon ta ba da kunya da wannan kyamara. Ba ita ce babbarsu ba? To me ya ɓata wa mutane rai?"

Malam, ita ce babbarsu kam. Canon ta gabatar da ita ranar 17 ga Yulin 2024, saura kwana 9 a buɗe gasar Olympics a Paris, ta kuma shiga kasuwa a watan Nuwamba a kan dala 6,299. Jikin kawai ke nan, babu gilashin da ake ɗaurawa a gaba, wato lens. A canjin lokacin, kuɗin ya tasam ma naira miliyan 10.

Abin da ya kawo surutun shi ne dogon jira. A gidan Canon, lamba 1 sarauta ce, tun daga EOS-1 ta zamanin fim a 1989. Da kamfanin ya fito da tsarin R na kyamarori marasa madubi a 2018, wato waɗanda aka cire musu madubin ciki da ke kai hoto idon mai leƙawa, sai kowa ya zuba ido ya ga wadda za ta gaji rawanin. An fito da R3 a 2021, Canon da bakinta ta ce wannan ba ita ba ce, a ƙara haƙuri. Shekara shida ana jira, kowa ya riga ya ƙera kyamarar a zuciyarsa. Ranar da aka yaye mata lulluɓi sai ga megafiksel 24.2, wato ɗigon hoto miliyan 24.2, alhali R3 ɗin da ke kasuwa tuni tana da 24.1. Nan take aka fara cewa ai R3 ce aka sauya wa riga. Wasu suka nuna Nikon Z9, wadda tun 2021 take ba da megafiksel 45.7 a kan dala 5,500. Wasu suka nuna Sony a1 mai megafiksel 50. Tambayar da aka yi ta jefa wa Canon ita ce, ya za a biya kuɗi mafi yawa a karɓi ɗigo mafi kaɗan?

Ni dai a ganina yawancin masu ƙorafin ba don su aka yi kyamarar ba. Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne, kuma yawan ɗigo na nufin nauyin hoto. Ɗauki mutumin da kamfanin dillancin labarai ya zaunar a bayan raga. An zura ƙwallo. Shi ba zai jira a tashi daga wasa ba. Akwai wayar intanet a soke a jikin kyamararsa, hoton yana tafiya kai tsaye wurin edita, a cikin mintuna ya isa jaridun duniya. Wanda hotonsa ya riga isa shi ya ci kasuwa. Irin wannan mutum hoto mai sauƙin turawa yake so, da kyamarar da ba ta kuskuren fokas, wato saita abin da ake ɗauka ya fito tar. Dama can haka manyan kyamarorin wasanni suke: EOS-1D X Mark III ta 2020 megafiksel 20.1 gare ta, Nikon D6 kuma 20.8. Kai, EOS-1D ta farko a 2001 megafiksel 4 da ɗan ɗoriya ce, kuma da ita aka cika shafukan jaridu.

Masu aikin wasanni da suka riƙe ta, har da waɗanda aka ba samfurinta a Paris, ba ɗigo suka tsaya yabo ba. Hoto 40 take ɗauka a daƙiƙa guda. Sannan akwai wata dabara da ta fi burge ni. Idan ka ɗan taɓa maɓallin ba ka danna shi duka ba, kyamarar ta fara tara hotuna a ɓoye. Da zarar ka danna, sai ta ajiye maka har hoto 20 na rabin daƙiƙar da ta wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a hawan sallah yana jiran ɗan bindiga ya saki wuta ya san wannan ciwo. Kana jin ƙarar kana dannawa, amma hayaƙi kawai za ka samu, harshen wutar ya riga ya tafi. Wannan kyamara tana komawa baya ta ɗauko maka shi.

Amma ban ce masu ƙorafi ba su da hujja ko kaɗan ba. Mai ɗaukar tsuntsaye ko namun daji yakan yanke hoto sosai don ya matso da abin da ke nesa, kuma 24 ba ta ba shi filin yanka. Canon ta sa wata fasaha a ciki da ke kumbura hoton zuwa megafiksel 96, sai dai wannan ƙiyasi ne na kwamfuta, ba abin da gilashi ya gani ba. Shi ya sa a ranar da aka gabatar da R1 aka fito da ƙanwarta, R5 Mark II, mai megafiksel 45 da hoto 30 a daƙiƙa, a kan dala 4,299. Jama'a da dama da suka kwana suna jiran yayar sai suka wayi gari suna zawarcin ƙanwar. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wani ɗalibi a Damagaram. Ya ce ya ji ana cewa Sony ta sha gaban Canon da wani sabon nau'in sensa, yana so a yi masa bayani.

Ƙanina, ga yadda abin yake. Sensa ita ce farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto. Galibin kyamarori suna karanta ta ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kamar mai share tsakar gida. Idan abin da kake ɗauka ya fi sharar sauri, sai ya fito a karkace: fiffiken fanka ya lanƙwashe, sandar ɗan wasan folo ta zama kamar baka. A ɗakin biki mai fitilun zamani kuma sai ka ga zane-zane masu duhu sun ratsa hoton. A Nuwambar 2023 Sony ta gabatar da a9 III, wadda ke karanta farantin gaba ɗaya a lokaci guda, tana ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa. Mutane sun sa ran Canon za ta mayar da martani da irin wannan, ba ta yi ba. Abin da ta yi shi ne ƙara wa sharar gudu har karkacewar ta kusa ɓacewa. Ita ma ta Sony ɗin ba kyauta ta samu ba, don a wuri mai duhu hotonta ya fi saurin yin tsaki-tsaki. Kuma ka lura, ita ma megafiksel 24.6 ce, amma ba a yi mata irin wannan ca ɗin ba.

Wata baiwar Allah daga Kaduna, wadda ta ce ita ke ɗaukar hoton kamu da sa lalle a ɓangaren mata, ta yi tambayar da na fi so a wannan mako. Ta ce: "Ina aiki da 5D Mark IV da gilasai uku da na tara da gumina. Yanzu ana cewa zamanin kyamara mai madubi ya ƙare. Kayana sun zama shara ke nan?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, amma bari in faɗa miki gaskiyar inda aka dosa. A Disambar 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya shaida wa jaridar Yomiuri ta Japan cewa 1D X Mark III ce babbar kyamara mai madubi ta ƙarshe da za su yi. Nikon ma tun D6 ta 2020 ba ta sake fito da babba mai madubi ba, ta mayar da ƙarfinta kan tsarin Z, a 2024 kuma ta sayi RED, kamfanin Amurka mai ƙera kyamarorin fim. Wannan kaɗai ya nuna miki cewa bidiyo suke hange. Sababbin gilasai na Canon duk na bakin RF ne, wato mahaɗin gilashi da jiki na tsarin R, kuma gilashin RF ba ya hawa kyamararki mai bakin EF.

To amma naki gilasan suna hawa sababbin kyamarori. Akwai adafta, ɗan zobe ne da ake ɗaurawa tsakanin jiki da gilashi, fokas yana aiki lafiya lau. A nan Canon ta koyi darasi. A 1987, da ta bar bakin FD ta koma EF, ta bar mutane da tsofaffin gilasai a hannu babu inda za su sa su, wasu har suka yi fushi suka bar ta. Waɗanda suka sha irin wannan a zamanin nan su ne masu ƙananan kyamarorin EOS M, da aka daina ƙerawa a 2023. Gilasansu ba sa hawa tsarin R ko da adafta. Idan wani ya kawo miki M50 da araha, ki san cewa gidan da aka daina gini ne.

Akwai wani ƙorafi da na ga ya fi na megafiksel nauyi, kuma mu ya fi shafa. Kamfanoni irin su Sigma da Tamron suna ƙera gilasai masu kyau da rangwamen kuɗi, su ne rufin asirin mai ƙaramin jari. Sony ta daɗe da buɗe musu ƙofa. Canon ta rufe tata, har ta sa wasu kamfanoni suka janye gilasansu na RF masu fokas da kansu daga kasuwa. Sai a Afrilun 2024 Sigma da Tamron suka sanar da samun izini, shi ma a kan gilasan ƙananan sensa. Wanda zai zaɓi gidan da zai zauna shekara goma, wannan ya kamata ya auna kafin ƙidayar ɗigo.

Game da aikinki kuwa, 5D Mark IV megafiksel 30.4 gare ta, ta ma fi R1 yawan ɗigo. Ko 24 ɗin da ake rainawa tana buga hoton inci 20 da 13 tsaf, wanda ya wuce girman shafin albam. Balle ma amarya a WhatsApp za ta tura shi, ya matse shi ya koma ɗan mitsitsi. Akwai kuma abu biyu da tsohuwar ta fi sabuwar dacewa da ƙasarmu. Na farko batir: a ma'aunin kamfani, 1D X Mark III tana yin hoto kusan 2,850 da caji ɗaya, R1 kuwa da irin batir ɗin wajen 700 idan ana leƙawa ta ido, saboda abin leƙen nata ƙaramin talabijin ne mai cin wuta. Ga wanda ke kai caji shago, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na biyu ƙura. A kyamara mai madubi, sensa tana ɓoye a bayan madubi da labule. A marar madubi, kina cire gilashi ga ta nan a fili. Na taɓa aron wata marar madubi a lokacin hunturu, na sauya gilashi a bakin filin sukuwa iska na kaɗawa. Da na zauna tace hotunan da dare, kowane hoto akwai baƙin tabo a sararin sama, wuri ɗaya, kamar an ɗiga tawada. Hoto sama da 300 na bi ɗaya bayan ɗaya ina gogewa har aka kira assalatu. Manya irin R5 da R6 da R1 suna sauke labule idan an kashe su, amma RP da R8 ba sa yi. Ki tambayi wannan kafin ki biya.

Wani daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya tambaya a taƙaice, wai da gaske ne R1 ta san wanda ke riƙe da ƙwallo? Da gaske ne, Malam. Lokacin da ta fito, an koya mata wasanni uku: ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando da ƙwallon raga. Tana gane mai shirin bugawa ta kai fokas kansa. Ba a koya mata dambe ko kokawa ba, a nan sai ka yi da hannunka. Tana kuma iya bin ƙwayar idonka ta kai fokas inda ka kalla, dabarar da Canon ta fara tun 1992 ta dawo da ita a R3, sai dai ba kowane ido take yi wa biyayya ba, musamman mai tabarau.

Ta ƙarshe daga wani matashi a Sakkwato da ya ce ya tara 'yan kuɗi, shin ya jira sabuwar da za ta fito ko ya sayi ta hannu yanzu? Samari, kamfanonin nan ba sa daina fito da sabuwa, idan jira za ka yi sai furfura ta riske ka. Duk lokacin da ƙwararru a Turai da Amurka suka koma marasa madubi, tsofaffin kayansu ne ke gangarowa kasuwar gwanjo da sauƙi, gilasan EF musamman. In za ka saya, ka sa a duba maka yawan hoton da ta ɗauka. Labulen 5D Mark III da Mark IV an ƙiyasta zai jure ɗaukar hoto 150,000, na 6D ta farko kuma 100,000. Ka haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai fumfuna, tana kama da yanar gizo-gizo. Ka fifita mai ramin memori biyu, don ba a maimaita ɗaurin aure saboda katinka ya lalace. Idan kuma bidiyo ne a ranka, ka tuna R5 ta farko a 2020 ta yi ƙaurin suna wajen ɗaukar zafi ta tsaya, har Canon ta ƙera wa Mark II wani mariƙi mai fanka da ake saya daban. Kai da ke Sakkwato, ka gwada ta da rana tsaka a watan Afrilu kafin ka miƙa kuɗi.

Sauran wasiƙun da suka shafi fitila da filasha sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.