Wa ya sayar da mai lamba 99? Gardama daga Edmonton har majalisar Wunti

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Bauchin Yakubu ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da yadda murya ke rawa, sanyin Edmonton ne ya kama ni, safar hannu biyu na saka amma yatsun kamar ba nawa ba. Bari in juya kyamara. Kun ga wannan mutum-mutumin tagulla da ya ɗaga kofi sama? Wayne Gretzky ke nan, mai lamba 99. Ginin da ke bayansa shi ne Rogers Place, gidan ƙungiyar Oilers. A kansa muka kusa raba zumunci da 'yan majalisarmu ta Wunti shekaranjiya, mutanen da ko ƙanƙarar firji ba su cika samu ba saboda rashin wuta.

Ga wanda bai san wasan ba, hoki ƙwallon gora ce a kan ƙanƙara. Mutum shida-shida har da gola, takalminsu da ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. A Kanada abin ya wuce wasa. Shi kuwa wannan bawan Allah ya ci wa Edmonton kofin Stanley, babban kofin gasar hoki ta Kanada da Amurka, sau huɗu: 1984, 1985, 1987 da 1988. A kaka ɗaya ya taɓa zura 92 a raga, har yau ba wanda ya kamo shi. To, ranar 9 ga Agusta 1988, yana da shekara 27, wata uku bai cika ba da ɗaukar kofi na huɗu, aka wayi gari an miƙa shi ga Los Angeles Kings. Aka haɗa shi da Marty McSorley da Mike Krushelnyski, Edmonton ta karɓi Jimmy Carson da Martin Gelinas, da damar zaɓen sabbin yara a zagayen farko har sau uku, da tsabar kuɗi dalar Amurka miliyan 15.

Yadda zancen ya zo mini, akwai wani dattijo Bature da muke aiki tare. Muna hutun rana na tambaye shi, da zuciya ɗaya, me ya sa suka bar gwarzonsu ya tafi. Wallahi mutumin nan ajiye cokali ya yi. Shekara talatin da ɗoriya, amma fuskarsa ta yi ja kamar jiya aka yi. Wata mata ta tsoma baki daga can, wani ya taso daga nan, ni da na tono zancen na koma ɗan kallo.

Ƙarfe goma sha biyun rana a nan, takwas ɗin dare ce a gida, an idar da isha'i an baje tabarma wajen mai shayi. Sai na kira su ta WhatsApp na zayyana musu. Kafin in rufe baki Yayana ya yanke hukunci. "Kai, ka ce ya yi aure a shekarar? To magana ta ƙare, mace ce."

Abin dariya, abin da rabin Edmonton suka faɗa a lokacin ke nan. A watan Yuli na 1988 ya auri Janet Jones, 'yar fim Ba'amurkiya, aka yi biki a garin nan kamar na 'ya'yan sarauta. Ko wata guda ba a yi ba ango ya koma garin 'yan fim. Mu a gida cewa muke amarya ba kya laifi ko kin kashe ɗan masu gida, su a nan ita suka fara cafkewa. Na ce Yaya, Allah ya huci zuciyarka, lissafin bai fita ba. Tun daren da suka ci kofi a watan Mayu mahaifin Gretzky, Walter, ya tsegunta masa cewa ana neman mai sayensa. Lokacin ba a ɗaura aure ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Kawu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a harkar shanu, yana gefe bai ce uffan ba. Can ya matso da fuskarsa har ta cika waya, ya ce, "Ɗan nan, mai ƙungiyar mece ce sana'arsa?" Na ce Kawu, Peter Pocklington sunansa, ɗan kasuwa ne, cikin harkokinsa har da kamfanin sarrafa nama mai suna Gainers. Kawu ya buga cinya. "Ashe mahauci ne! To me kuke ta wahalar da kanku? Sa ana kai shi kara ne ranar da ya fi ƙoshi, ba ranar da haƙarƙari ya fito ba."

Majalisa ta ɗauki dariya, amma ni a nan na tsaya, don wannan ita ce maganar. Albashin 'yan wasa yana hawa, Edmonton ƙaramin gari ne in aka gwada da Los Angeles, mai ƙungiya yana buƙatar kuɗi a sauran harkokinsa, yana kuma tsoron kwantiragi ya ƙare yaro ya tafi a banza ko sisi bai shigo ba. Ga Bruce McNall mai Kings ya zo da jaka a buɗe, yana son sunan da zai cika masa fili a garin da ba a san dusar ƙanƙara ba. Su kansu mutanen nan sun gane daga baya, har siffar Pocklington suka yi suka cinna mata wuta. Wani ɗan majalisar tarayya ma, Nelson Riis, cewa ya yi gwamnati ta shiga ta hana cinikin. Ku ji fa, a kan ɗan wasa.

Ƙanena ɗan Barcelona ne na a-mutu, shi tasa ta daban ce. Ya ce, "Yaya, ya yi kuka ko bai yi ba?" Na ce ya yi, a gaban 'yan jarida, har maganar ta gagare shi. Ya ce to Messi ma ya yi a 2021, kuma kwana kaɗan muka gan shi yana murmushi a Faransa. Ban iya musa masa duka ba. Gretzky bai fara neman tafiya ba, amma da ya ga an sa masa kuɗi, ya sa baki a inda za a kai shi, shi ya nemi a haɗa masa da abokansa biyun nan. In ka ji ana tallanka a bayan idonka, ko an fasa, zaman ba zai koma daidai ba.

Inda gardamar ta ƙi mutuwa shi ne abin da ya biyo baya. A 1989 ya dawo da rigar Kings ya fitar da Edmonton daga gasar, bayan Edmonton tana gaba da wasa uku da ɗaya. Masu zagin mai ƙungiya suka ce kun gani. Sai ga 1990, Oilers suka ɗauki kofi na biyar ba shi, Mark Messier na kyaftin. Gretzky kuwa ya kai wasan ƙarshe da Kings a 1993, Montreal ta doke su, har ya yi ritaya a 1999 bai ƙara taɓa kofin ba. Kowane ɓangare yana da shekarar da yake kafa hujja da ita. Dattijon wurin aikinmu cewa yake da an bar shi, da Allah kaɗai ya san kofi nawa za su tara. Tun 1990 ɗin nan kuwa shiru, sun je wasan ƙarshe a 2024 da 2025 da tauraronsu Connor McDavid, Florida ta hana su duka biyun.

Mai shayi ne ya rufe taron. Ya ce shi duk bai ga abin tayar da jijiyar wuya ba, Wikki Tourists ta ci kofin ƙalubale a 1998, kuma kullum yaro ya fara haske sai a ji ya tafi wata ƙungiya, ba wanda ya gina wa kowa mutum-mutumi a ƙofar filin Abubakar Tafawa Balewa. Yaya kuma har aka kashe waya yana nan a kan bakansa, mace ce.

Ga motata can ta shawo kwana, in ta wuce sai na ƙara minti goma sha biyar a tsaye a nan. Kawu, saƙon man zafinka yana hannun mai zuwa ƙarshen wata. Wanda ya je wajen mai masa gobe da safe ya ci biyu da sunana.