Fitilun titin Oxford sun tuna min Taminus

Assalamu alaikum mutanen Jos, ku yi haƙuri hoton na rawa wallahi sanyi ne ya kama min hannu, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci amma kun ga gari kamar an idar da isha'i, haka Landan take a Disamba. Ni fa safar hannu kawai na fito saya, fam 12 wai, amma abin da na gani yanzun nan a gaban katafaren shagon Selfridges sai da ya sa na tsaya na goge ido.

Wata yarinya ce ba za ta wuce shekara biyar ba, ta manna goshi da hanci a jikin gilashin shagon, numfashinta na rufe gilashin tana gogewa da hannun riga tana sake leƙawa, uwar na janta tana tirjewa. Wallahi sai na tuna kaina a Ahmadu Bello Way ana saura kwana uku Sallah, Baba riƙe da hannuna, na kafe a gaban wani jan takalmi mai maɓalli a bayan gilashi. Bai saya ba, kuɗin ya fi ƙarfinsa, shi ma ya ɗan tsaya ya kalla sannan ya ce mu je kasuwar Taminus uwata, can akwai wanda ya fi shi.

Bari in juya muku kyamarar. Shagon nan tun 1909 yake, wani Ba'amurke ne ya buɗe shi, kuma akwai waɗanda aikinsu kenan shirya tagogin nan, duk shekara da sabon salo. In kin gangara kika sha kwana Regent Street, can tun 1954 suke kunna fitilun Kirsimeti. Kyau kam akwai, ba zan ɓoye ba. Har azumi yanzu ana yi mana, tun 2023 ake rataya fitilun Ramadan wajen Piccadilly, magajin garin Landan Sadiq Khan ne ya kunna na farko, ranar da na gani ba ƙaramin daɗi na ji ba.

Amma duk kallo ne. Ba mai jan mayafinki yana Hajiya zo ki ga sabon yayi, kuɗi na manne a jikin kaya, ki ɗauka ki ɗora kati ki fita, ba taya ba albarka ba gyara.

Ku da aka haifa bayan gobarar Fabrairun 2002, kufai kawai kuka tarar, ba ku san Taminus ba. Kasuwa ce rufaffiya da hawa-hawa, in kika saki hannun babba kin ɓata kenan, shi ya sa ba a zuwa da mu duka. Da daddare Mama za ta jera mu ta auna ƙafar kowa da tsinken tsintsiya, ta karya daidai, ta ɗaura wa kowane tsinke zare kala daban kada su haɗe, nawa ja ne kullum. Kuma sai ta sayo wanda ya ɗan fi ƙafar, a cusa takarda a gaba, ta ce ai girma kike yi. Atamfa turmi ɗaya a raba mana ni da yayata, ga gilashin roba da agogon da ba ya tafiya, daren Sallah kuma muna kan bencin tela a Dilimi da lalle a ƙafa, keke na ta ƙara, muna gyangyaɗi amma ba wadda za ta yarda ta koma gida ba ɗinkinta.

Mu 'yan Jos ai biki biyu muke ci. Disamba na yi titin zai cika da masu sayayyar Kirsimeti, hazo ya sauko, yara na ta fasa nokawut, maƙwabciyarmu ta aiko da shinkafa da kaza da cincin, mu ma da layya a kai musu nama. Sanyin nan ma da 'yan Kano da Sakkwato ke kuka da shi a nan, mu mun riga mun sha horo, jaket ɗin da ke jikina ma gwanjon Katako ce kuma har yau tana aiki.

Duk mai zuwa titin nan in gaya miki, kar ki tsaya bakin hanya waya a hannu, samari ne a kan keken lantarki su fizge su wuce, a gabana aka yi wa wata. Shagunan alawar nan masu walƙiya kuma in ba ki ga kuɗi a rubuce ba ki fita abinki.

Su ma fa 'yan Landan shagunansu na mutuwa a hankali, babban shagon Debenhams da ke titin nan ya rufe tun 2021, kowa ya koma oda ta intanet. Ga yarinyar can an samu an ɗauke ta, tana ta waiwaye. Bas ɗina ta iso, in na shiga Mama zan kira in tambaye ta ko har yanzu tana auna wa jikoki da tsinke.