Jawabin maraba ga Mai girma Ministan Ilimi na ƙasa, daga kwamitin iyayen ɗaliban firamare, Maraɗi

Ranka ya daɗe, barka da sauka a Katsinar Maraɗi. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya yabo ba. Buƙatarmu guda ce, da ita za mu fara: a gina mana ajujuwa shida na siminti a madadin rumfunan zana, kafin komawar Oktoba.

Garin nan ya san tashi bayan faɗuwa. Da ambaliyar Gulbi ta ci tsohon gari a 1945, iyayenmu suka hau tudu suka sake gina shi, har ya zama cibiyar kasuwancin Nijar. Amma ƴaƴan masu wannan kasuwa a ƙasa suke zaune suna karatu.

Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Yulin 2004, muka ce kusa ta zo, tunda magajin gari namu ne, kansila maƙwabci ne. Aka sake a 2011 da 2020. An gina wasu ajujuwa, ba mu musu. Sai dai kasafin ya dogara ga lanho da kuɗin kasuwa, waɗanda ba sa shigowa cikakku, kuma ginin yakan bi unguwar da ta ba da ƙuri'a. A 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi ginin makarantun firamare da gyaransu; nauyin ya sauko, kuɗin bai biyo shi yadda ya kamata ba. Tun rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, ƙofarka muke kallo.

Ga abin da rumfa ke jawowa. Ba a samun kara sai an gama girbi, don haka karatu kan kai Nuwamba bai kankama ba. Hadarin farko ya yaye ta, shekara ta ƙare da wuri. Kowace shekara iyaye su sake karo-karon zana, itace da igiya. Mafi ciwo, ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta cinye yara fiye da 20 a irin waɗannan rumfuna a garin nan. Wasunmu sun ɗauki gawa ran nan.

Fili muna da shi, yashi da ruwa mun ɗauka. Kowane aji mita 9 da 7, rufin kwano, ƙofar ƙarfe mai buɗewa waje. A fara harsashi kafin damina ta kankama, don idan aka bari sai Agusta, ruwa zai tsayar da magina.

Ranka ya daɗe, ajujuwa shida, kafin Oktoba. Allah ya maida kai gida lafiya.