Yadda Bakteriya Ke Ajiye Hoton Maƙiyinta

Shekarar 1987, Jami'ar Osaka a ƙasar Japan. Wani mai bincike, Yoshizumi Ishino, yana karanta wani yanki na DNA ɗin bakteriyar E. coli, wannan da ke zaune a hanjinmu (DNA shi ne kundin umarnin gado na halitta, wanda masana ke karantawa a matsayin jerin harufa). Sai ya ci karo da abin mamaki: jerin harufa 29 ya maimaitu har sau biyar, kuma tsakanin kowane biyu akwai wasu harufa 32 da ba su yi kama da juna ba. Kamar waƙa ce mai amshi: amshin ɗaya ne, baitocin ne suka bambanta. A ƙarshen rahotonsa ya ce ba a san amfanin abin ba, aka wuce wurin.

Ku biyo ni Sifaniya. A fadamun gishiri na Santa Pola, Francisco Mojica na Jami'ar Alicante ya ga irin wannan tsari a wasu ƙananan halittu masu son gishiri. Shi kam bai saki ba. Ya shafe kusan shekara goma yana bin sawu, kuma a 2002 aka raɗa wa abin suna CRISPR.

To, ina sirrin yake? Kowa amshi yake kallo, alhali maganar tana cikin baitoci. A 2003 Mojica ya riƙa zuba baitocin nan a rumbun bayanai na kwamfuta, sai ɗaya ya dace daidai da DNA ɗin wani bairas mai suna P1, wanda ke kashe bakteriya. Ashe idan bakteriya ta tsira daga harin bairas, sai ta yanki ɗan guntun DNA ɗinsa ta ajiye tsakanin amshi biyu, kamar mai gadi da ya manna hoton ɓarawo a bango. Ta kuma gadar wa 'ya'yanta. Ranar da ɓarawon ya dawo, hoton ne zai jagoranci wani sinadari, misali Cas9, ya datse shi kamar almakashi.

Manyan mujallun kimiyya sun ƙi buga binciken, sai a 2005 ya fito. Abin dariya, masu nono ne suka tabbatar da shi: a 2007, masanan kamfanin Danisco, da bairas ya addabi bakteriyar da suke haɗa yogot da ita, suka nuna hakan a zahiri.

A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa ana iya ba almakashin duk hoton da aka ga dama, ya je ya datse DNA a daidai wurin da ake son yin gyara. Suka sami kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2023, Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da aka gina kan wannan dabara. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa masu sikila, amma kuɗin maganin a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.