Wai ashe ba jami'a nake ba? To taubashi, zo ka gani

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hayaƙin da ke fita bakina, ban fara shan sigari ba, sanyi ne. Wayata ta nuna mani digiri 14 ƙasa da sifili da asuba, hannun da na riƙe ta da shi kuwa yanzu haka ban tabbata nawa ba ne. Da ba don an taɓa ni ba, wallahi ba abin da zai fito da ni waje a watan Janairun jihar Ilinoi ta Amurka in tsaya surutu.

Jiya da dare na buɗe WhatsApp, sai ga saƙon murya a zauren danginmu. Taubashina ne, ɗan goggota ta Daura. Ya gyara murya kamar mai sanarwa a rediyo, ya ce: "Ashe Injiniyan namu ba jami'a ya tafi ba? An ce mani 'yar kwaleji ce ta shekara biyu. Ai da ka yi magana da mun nema maka gurbi a poli, ka huta da kuɗin jirgi." Mutum sha ɗaya suka sa mashi hoton dariya. Na ƙirga. Har da ƙanwata, kuma da wayar da na saya mata ta yi dariyar.

Na san wasa ne, kuma taubashi ba a fushi da shi, sai dai a rama. Amma abin ya kwana yana cina, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba. Kuma a rasa wanda za a raina ma kalmar kwaleji sai Bakatsine? Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 jami'a ce? Can Sardauna ya yi karatu, can Tafawa Ɓalewa ya yi. Ginin yana nan har gobe, gidan tarihi ne yanzu, in ka shigo birni ka tsaya ka leƙa kafin ka wuce cin tuwo gidanmu.

Bari in shiga ciki kafin kunnuwana su faɗi. Yauwa. Kun ga rubutun can da ke jikin bango? Manufar makarantar ce. In na fassara maku ita a taƙaice, cewa take: duk wanda ke zaune a gundumar nan, ƙofa a buɗe take gare shi, karatu mai sauƙin kuɗi, kusa da gida. Kwalejin al'umma ake ce ma irinta, ta gwamnati ce, kuma akwai su wajen dubu a faɗin Amurka. Ta farkon ma a jihar nan take, a wani gari Joliyet, tun 1901, da ɗalibai shida aka fara. Shida! Ko makarantar allon zaurenmu ta fi haka cika. Sai a 1947, da wani kwamiti da shugaba Truman ya kafa ya ba da rahoto, sunan ya kama bakin mutane, aka yi ta gina su ko'ina.

Ranar da na fara karanta rubutun nan na yi murmushi irin na wanda ya saba ganin allon manufa a bakin ofis. Ni da na zauna JAMB sau uku. Sau uku, jama'a! Na farko maki bai kai ba. Na biyu ya kai, sunana bai fito ba. Na uku ya fito a wani kwas da ko sunansa ban taɓa ji ba, ana cikin haka aka shiga yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas cur ina zaune bakin shagon Baba ina auna shinkafa. To ka zo nan ka ji wai mazaunin gari in yana da takardar sakandare, ko wadda ke daidai da ita, ya cika fom, shi ke nan an ɗauke shi. Ba makin yankewa, ba wasiƙar wane, ba a tambayarka wa ka sani.

Shi ya sa ajin nan ke kama da motar Jibiya ranar kasuwa, kowa da kowa. Ajinmu na lissafi akwai yara biyu 'yan shekara sha shida, ba su ma gama sakandare ba, suna ɗibar kwasa-kwasan kwaleji tun yanzu. Akwai tsohon soja. Akwai wata 'yar Meziko mai 'ya'ya uku da ke zuwa da kayan aikinta a jiki. Sai wata tsohuwa, ta girmi Hajiyarmu nesa ba kusa ba, ita ke zama layin gaba, kuma ita ke fara ɗaga hannu. Na kasa daurewa na ce mata, Mama, mi za ki yi da aljabra yanzu? Ta ce tun tana yarinya ta kayar da ita, ta dawo su ƙarasa. A jihar nan wanda ya kai 65, in samunsa bai taka kara ya karya ba, ana yafe mashi kuɗin karatun matuƙar akwai gurbi a ajin. Na tuna Baba da ya daɗe yana cewa da ya samu dama da ya koyi lissafin zamani. Sai na yi shiru.

Ku biyo ni ta nan. Kun ji ƙarar? Sashen walda ne. Can gaba na kanikanci, motoci ne a rataye ana koyon cikinsu da kwamfuta. Akwai masu koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumamawa, masu aikin wuta, masu jinya, masu wankin haƙori, har tuƙin tirela ana koyarwa, wasu wata kaɗan su karɓi satifiket su kama aiki. Da dare kuma baƙi irinmu ke cika azuzuwan koyon Turanci. To a nan ne nake son taubashi ya buɗe kunne. Makon jiya bututun gidan da nake haya ya daskare ya fashe, mai aikin famfo ya zo, bai cika awa ɗaya ba, mai gida ya ƙirga mashi dala 180 yana godiya. Mutumin a irin makarantar nan ya koya. Mu kuwa yaro ya ce walda zai koya sai a ce Allah ya shirya, kowa so yake a kira ɗansa Dakta ko Barista. Masu waldar da ke hanyar Ƙofar Ƙaura, wallahi da za a ba su injinan da ke cikin ɗakin can, da sai an zo kallo.

Ni dai ba sana'ar nake ba, ina layin masu wucewa jami'a ne. Tsarin shi ne ka yi shekara biyu a nan, ka tara kiredit wajen 60, wato awon karatun da ake lissafa maka kan kowane kwas da ka ci, su ba ka takardar da suke kira asoshiyet, sai ka ɗauki kayanka ka shiga aji uku a jami'a. Makarantun jihar suna da yarjejeniya a tsakaninsu kan kwasa-kwasan share fage, wanda ka ci a nan ana lissafa maka shi a can. Ranar da ka gama, sunan jami'ar ne a kan digirin, ba mai rubuta inda ka faro. Ka ga ba irin abin da ke ci ma 'yan HND tuwo a ƙwarya a gida ba ne, mutum ya yi shekara biyar har da ta sanin makamar aiki, a zo ɗaukar aiki a ce ya tsaya bayan mai digiri.

Amma kar wani ya ji daɗin labari ya je ya sa Baba ya sayar da gona. Sauƙin kuɗin nan ba namu ba ne. 'Yan gunduma ke biyan harajin gidaje da ake tafiyar da makarantar, su ke zaɓen 'yan hukumar gudanarwarta da ƙuri'a kamar yadda ake zaɓen kansila, don haka su ke cin arha. Wanda ke zaune gefena yana biyan dala ɗari da ɗoriya kan kowane kiredit, ni ina biyan kusan ninki uku, malami ɗaya, allo ɗaya, sanyi ɗaya. In ya fito gidan marasa ƙarfi ma gwamnatin tarayya na ba shi tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne, ba a mayarwa. Mai bizar karatu ko ƙanshinsa ba ya ji. A Kalifoniya ɗan jiha dala 46 yake biya, na ji haka na kusa kuka. Tun kafin in ga jami'in biza na zuba dala 350 kuɗin rajistar ɗalibai baƙi, ban da kuɗin bizar, ban da takardar banki da sai ka nuna kana da abin ci da sha na shekara guda. Littafin kimiyya ɗaya dala 120, kuma haya na yi, ba saye ba. Duk da haka jami'ar da nake hari ta fi nan tsada nesa, shi ya sa Kawu, mai biya mani kuɗin karatu, ya ce a bi ta nan, kuma Kawu bai taɓa faɗuwa a lissafi ba.

Sannan ƙofar a buɗe take, amma daga ciki dokoki ne kamar ƙaya. Da na zo suka ba ni jarabawar tantance mataki. Ni da kiredit ɗina na Turanci a WAEC, ina taƙama, sai kwamfuta ta tura ni ajin gyara. Zango guda na biya kuɗi cif, kuma ba a lissafa shi cikin 60 ɗin. Don Allah in za ka zauna jarabawar nan kar ka shiga da gajiyar jirgi kamar yadda na yi, ka zauna ka yi bita.

Na biyun ya fi ciwo. Na ɗauki wani kwas ya fi ƙarfina, na ce bari in ajiye shi. Ashe akwai ranar ƙarshe ta mayar da kuɗi, na wuce ta da kwana biyu. Na je ofis da ladabina na Katsinawa, na gaida matar, na tambayi iyali, na kawo uzuri. Ta saurare ni har ƙarshe tana murmushi, ta ce ta fahimta ƙwarai, amma ko sisi. Nan ba a cewa a duba Allah a duba Annabi. Kuma Allah ne ya taimake ni na biya ta ofishin ɗalibai baƙi kafin in sa hannu, don da na ajiye kwas ɗin da na sauka ƙasa da kiredit 12, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da mai irin bizata zai ɗauka a zango. Da takarduna sun lalace ina zaune. Haka na koma na rungumi kwas ɗin, na riƙa kwana a ɗakin ƙarin darasi, wanda shi kam kyauta ne. Na fita da C, kuma ban taɓa son wani harafi kamar wannan ba.

Aiki kuma awa 20 a mako lokacin karatu, cikin makaranta kawai. Ni laburare nake jera littattafai. Duk wanda ya ce maka zo ka ja mota da dare ba mai sani, ba masoyinka ba ne. Haka kwafar rubutun wani, ko daga intanet ko daga aboki: a gida mukan ce taimakon juna, nan sifili ne da takarda a fayil ɗinka. Masu son jinya kuma ku sani sashensu da kwaɗonsa daban, sai an tace maki, wasu na jira shekara guda.

Wata dokar kuwa dariya ta ba ni. Kawu ya kira makaranta wai a faɗa mashi sakamakona, tunda shi ke biya. Suka ce ba za su iya ba sai da izinina a rubuce, dokar ƙasa ce tun 1974. Ya kira ni yana huci: "Kai, wace irin ƙasa ce wannan, ni da kuɗina?" Na ce Kawu ka yi haƙuri, gobe zan sa hannu. Na sa ɗin kuwa, wa ya isa.

Ga wani ɗaki nan da ban taɓa nuna maku ba. Shinkafa, taliya, wake na gwangwani, madara. Ɗalibin da abinci ya yanke mashi ya shigo ya nuna katinsa ya ɗiba, ba mai tambayarsa dalili. Wata biyu ina wuce shi ina kawar da kai, kun san mu, kunya gare mu ba dai tsoro ba. Ranar da kuɗin Kawu suka maƙale a hanya na shiga. Na fito da leda biyu, na dafa shinkafa da wake, ba mai ba yaji, na ci ina tuna furar da ake dama mamu da azahar a gida, mai sanyin randa. Can ƙarshen barandar kuma akwai ɗan ɗakin da suka ware ma masu ibada, nan muke sallar azahar ni da wasu 'yan Sudan biyu da wani Bafalasɗine.

Ƙarfe tara saura, malamin fizis ɗinmu ba ya jira, kuma da sunansa tsirara yake so a kira shi, har yau bakina ya ƙi. Taubashi, na ji an ce kana neman canjin aiki, ga sashen tirela can na nuna maka. In na zo hutu zan biyo Daura, ka tanadi guga, sai ka ja mani ruwan Kusugu da hannunka kafin in yafe. Ke kuma mai dariya da wayata, za mu yi magana.